Sabulun goge kwarzanen mota: gyara yake yi ko cin fenti?

Shin da gaske akwai sabulun wankin mota da ke goge kwarzane, ko kuwa rufa-ido ne irin na masu talla? In kuma da gaske ne, me ya sa masu fenti ke cewa kada ka bari ya kusanci motarka?

Duk mai leƙa TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: a nuna ƙofar mota da dogon zane, a zuba kumfa, a shafa sau uku, zane ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Yanzu kwalaben sun iso shagunan kayan mota, kuma a wuraren wanki na Birnin Kebbi za ka ji ana tambayar mai mota ko a sa masa "na musamman", ya ƙara wani abu a kan kuɗin wanki.

Ni ma an yi mini tayin. Wani mai tura kurar ruwa ne ya gurji ƙofar motata ta baya a wajen babbar kasuwa, jarkarsa ta bar mini dogon layi rawaya. Yaron da ke mini wanki ya dubi wurin ya ce, "Alhaji, wannan ai ba komai ba ne, yanzu za ya fita." Ya kuwa fita, tas. Sai na nuna masa wani ɗan siririn zane kusa da maɓallin ƙofa, wanda ya kai shekara a wurin. Ya goga, ya sake gogawa, har ya yi gumi, zane yana nan yana kallonmu. Kwalba ɗaya, hannu ɗaya, ƙofa ɗaya. Bambancin waɗannan zane biyu shi ne tushen gardamar baki ɗaya.

Fentin mota ba shafi ɗaya ba ne

Abin da ido ke gani a jikin mota hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafin da ke hana tsatsa, sai firaima mai sa launi ya kama jiki, sai launi, sannan can sama wani shafi garai-garai marar launi wanda masu fenti ke kira kiliya. Ƙyallin da mota ke yi na kiliya ne. Ita ce kuma ke tare zafin hasken rana kada ya dafe launin da ke ƙarƙashinta.

Ana auna kaurin fenti da maikuron, wato in an raba milimita ɗaya gida 1,000. Fentin da mota ke fitowa da shi daga masana'anta, in an haɗa dukkan hawan, yawanci tsakanin maikuron 100 ne zuwa 180. Kason kiliya a ciki bai wuce 35 zuwa 50 ba. Takardar da ake buga wasiƙa a ofis tana da kaurin kusan maikuron 100. Ke nan duk ƙyallin da Alhaji ke taƙama da shi bai wuce rabin kaurin takarda ɗaya ba, kuma ba ya tsirowa in ya tafi.

To me ya sa ake ganin kwarzane? Lafiyayyar kiliya sumul take, haske in ya faɗa mata sai ya dawo kai tsaye kamar a madubi. Kwarzane kuwa ɗan rami ne mai kaifin baki, yana warwatsa hasken, shi ya sa yake fitowa fari-fari a ido. Hanyoyin ɓatar da shi biyu ne kacal: ko a cike ramin da wani abu, ko a rage tudun da ke gefensa har su zo daidai. Sabulu mai gurza hanya ta biyu yake bi. Aikinsa irin na dutsen goge kaushi ne: dutsen ba ya ɗinke faso, fatar da ke kewaye da shi yake ci har wurin ya yi laushi.

Me ke cikin kwalbar?

A nan ne rikicin ya fi yawa, domin abubuwa uku mabambanta ake sayarwa da suna ɗaya.

Na farko shi ne mai gurza na gaskiya. Sabulu ne da aka zuba wa gari mai tsananin laushi, galibi na alumina, ko silika, ko farar ƙasa irin ta kawolin. Dangin abin da ke cikin man foli ne na masu fenti, sai dai an tsinka shi ƙwarai. Makilin ɗin da muke goge haƙora da shi ma haka yake aiki, shi ya sa wasu ke wanke fitilar mota da ta yi rawaya da shi, ta ɗan washe na 'yan makonni. A Japan, inda irin wannan sabulu ya daɗe a kasuwa, ana raba shi gida-gida: na farar mota daban, na mai duhun launi daban, kuma wanda ba shi da garin gurza ana rubuta hakan ɓaro-ɓaro a jikin kwalbar. Masu yin sa da kansu sun san ba kowace mota ke ɗaukarsa ba.

Na biyu mai ciko ne. Kaki ne ko silikon ko wani mai, ya shiga ramin ya kwanta, haske ya daina warwatsuwa, ido ya ce an gyara. Kwalliya ce, kuma ba laifi ba ce in an faɗa maka gaskiya. Wanki biyu ko uku, ko ruwan sama mai ƙarfi guda, zane ya dawo inda yake. Bidiyon da zane ke ɓacewa da shafa ɗaya, in ba fentin wani abu ne ya manne a wurin ba, to wannan ne, ko ma jiƙa wurin kawai aka yi, domin ruwa ma yana cike ramin kafin ya bushe.

Na uku ba ya gurza kuma ba ya ciko, narkarwa yake yi. Sinadari ne mai tsami ko mai kaifi da ke cire tabon ruwa, kwalta ko ƙaron itace. Da yawan kwalabe sun haɗa biyu daga cikin ukun.

Matsalar ita ce wani lokaci ɗure ake kawowa a gorar ruwa, babu suna babu bayani. Wanda ya ga dama yana iya gwadawa: ya girgiza ya ajiye, in akwai gari zai kwanta a ƙasa, ko ya ɗiga kaɗan a kan tsohon faifan CD ya murza da tsumma, in faifan ya yi hazo to akwai abin da ke ci. Ni dai ruwan da ba shi da suna ba na yarda a zuba wa motata, komai arharsa.

Wane kwarzane ne ke fita, wane ne ba ya fita?

Layin jarkar nan da na ambata ba kwarzane ba ne tun farko. Robar jarkar ce ta goge ta manne a saman kiliya, kamar yadda alli ke mannewa a allo. Haka abin yake in ɗan kabu-kabu ya gogi bamba da robar ƙafarsa, ko ƙofa ta taɓa ginshiƙin gareji, ko akuya ta hau bonet ta bar sawun kofato. Kiliyar tana nan lafiya a ƙasa, abin da ke samanta kawai za a kankare. A wannan fagen sabulun gwani ne, kuma yaron wanki bai yi ƙarya ba.

Yana kuma rage 'yan siraran zanen nan da ke fitowa kamar saƙar gizo-gizo in rana ta haska baƙar mota, da dushewar da ke zuwa in saman fenti ya fara tsufa. Ragewa na ce, domin hannu da soso da kumfa ba za su yi aikin injin foli ba.

Daga nan kuma iyakarsa ke nan. Gwaji biyu sun isa, kuma ba a biyan ko kwabo. Ja farcenka a hankali ka ratsa zanen: in farce ya wuce sumul, abin a sama yake, in ya maƙale, ramin ya yi zurfin da sai an cinye kiliya mai yawa kafin a cim masa. Sannan ka zuba ruwa: in zanen ya ɓace sa'ad da yake jiƙe, a cikin kiliya ya tsaya; in yana nan fari ko toka-toka, ya kai firaima; in kuwa ƙarfe ne ke leƙowa, to maganar tsatsa ake, a nufi wajen mai fenti kafin damina. Zanen ƙusa, na makulli, da wanda yara ke ja da tsinken ƙarfe a jikin motar baƙo, duk babu sabulun da zai taɓa su. Ci gaba da gurzawa sai dai ya bar dusasshen wuri kewaye da zanen, a tashi da matsala biyu maimakon ɗaya.

Ƙurar da ta fi sabulun kaifi

Abin da masu tallar ba sa faɗa, domin ba a ƙasarmu suke zaune ba, shi ne halin da mota ke ciki kafin soso ya sauka a kanta.

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shimfiɗa mana a kan komai. Ka wanke mota da asuba, kafin azahar ana iya rubuta suna da yatsa a gilashin baya. Ga kuma yashin hanya, musamman ga mai zirga-zirga tsakanin Jega, Kalgo da Argungu, ko mai sauka daga kwalta ya shiga ƙauye. A cikin ƙurar nan akwai ɓarɓashin kwaz, ma'adinin da yashi ya ƙunsa. A ma'aunin taurin ma'adinai da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, farcen mutum yana wajen 2.5, gilashin taga wajen 5.5, kwaz kuwa 7. Abin da ke iya karce gilashi, me zai yi wa kiliya, wadda dangin roba ce?

Garin da ke cikin kwalba an tace shi, an daidaita girman ƙwayoyinsa don ya ci kaɗan kuma daidai. Ƙurar kan bonet babu wanda ya tace ta. Wanki da foli kuma ayyuka ne masu saɓanin buƙata. Wanki yana son a ɗauke datti da ƙarancin gogayya, kumfa ta yi santsi yashi ya zame ya sauka. Foli yana son a danna a murza, amma a kan jiki mai tsabta. Wanda ya haɗa su a bokiti ɗaya, ya danna soso a kan motar da ba a ɗauraye ba, sanfefa ya yi da hannunsa. Kuma da yake sabulun na ɗauke da ɗan ciko, ɓarnar ba ta bayyana ranar. Sai bayan mako biyu mai mota ya ga saƙar gizo-gizo ta ƙaru, ya koma a sake sa masa na musamman ɗin.

In za a yi adalci, yawancin zanen da ke jikin motocinmu ba ɗan kabu-kabu ne ya yi su ba. Direba ne ko maigadi da ke kaɗe ƙura da busasshen tsumma kowace safiya don faranta wa maigida. Bokiti ɗaya ne da aka fara da taya aka ƙare da rufi. Soson da ya faɗi ƙasa aka ɗauka aka ci gaba. Sai omo, wanda shi ne sabulun mota a wurare da yawa: a ma'aunin pH, wanda ke nuna tsami ko kaifin sinadari, inda 7 ke tsaka-tsaki, garin wankin tufafi yana wajen 10 zuwa 11, yana wanke duk kakin da ke kare fenti, yana busar da roba, ƙwayoyinsa da ba su narke ba kuma suna karta. Ba zai kashe fenti rana ɗaya ba, kada a yi masa sharri, amma ba don mota aka yi shi ba.

Sai rana. A watan Afrilu zafi a Birnin Kebbi yana haura digiri 40 a inuwa, jikin baƙar mota da ke tsaye a fili kuwa ba ya taɓuwa. Sinadaran da ke tare hasken ranar da ke dafe launi a cikin kiliya suke, don haka duk abin da aka kankare daga kariyar aka rage. Shi ya sa masu sana'ar foli ke bin ƙa'idar kada a cire fiye da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kiliya a duk tsawon rayuwar mota, wato maikuron 10 zuwa 12. Wanki ɗaya da sabulu mai gurza ba ya kusantar wannan adadi, kuma duk mai cewa sau ɗaya ya lalata masa mota ya yi ƙari. Amma mu mutane ne masu wanke mota kusan kullum. Ƙarshen siririyar kiliya kowa ya san shi: rufi da bonet su fara fari-fari kamar kyasbi, daga nan su riƙa ɓarewa. In an kai nan, sai sabon fenti.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Aljihu ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na shekarar, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Motar Beljiyam, gwangwanin fenti, tinar da ake tsinka shi da ita, kiliya, duk da dala ake shigo da su. Wanda a da yake canza mota bayan shekara huɗu yanzu lallaɓa ta hannunsa yake yi, kuma fentin ƙofa ɗaya ya zama abin da sai an yi shawara da iyali. A irin wannan yanayi, kwalbar da ta yi alƙawarin gyara a kuɗin wanki dole ta sami kasuwa.

Mai wanki, mai fenti, mai saye

Mai wanki yana da hujjarsa. Ruwa saye yake yi, ko ya sayi man janareta ya jawo daga burtsatse, masu sana'ar sun yi yawa, kuɗin wanki kuma bai tashi daidai da tashin kaya ba. Duk abin da zai sa mota ta fita tana walƙiya a ƙara masa ɗan wani abu, alheri ne gare shi. Haɗarin da bai hango ba shi ne ranar da zai shafa wa motar da ba ta dace ba. Fenti marar ƙyalli, wanda aka yi shi dusasshe da gangan, in aka gurje shi sai ya yi tabo mai sheƙi da ba ya gyaruwa. Motar da aka naɗe da leda, da wadda aka biya kuɗi mai yawa aka yi mata shafin siramik, duk gurza na cin abin da aka saya. Baƙar robar gefen taya da ta bamba kuwa fari take yi in garin ya shige ƙofofinta. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya cinye ribar wata guda, ban da faɗa.

Mai fenti kuma in ya ce a guji sabulun, wasu na cewa kasuwarsa yake karewa. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ya san abin da mai mota bai sani ba: motoci nawa ne a garin nan ke ɗauke da fentinsu na asali? Beljiyam tana isowa ne da shekara 10 ko 15 a duniya, an sha yi mata foli kafin ta hau jirgi. Wadda aka fesa a gareji kuwa kiliyarta wani wuri kauri wani wuri shara-shara, musamman a kan kusurwa da bakin ƙofa, inda fenti ya fi siranta kuma hannu ya fi dannawa. Wata ma babu kiliyar sam, launi da ƙyalli a haɗe suke, irin fentin tsofaffin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. Gane wannan ba wuya: a murza ɗan sabulun da farin tsumma a wani lungu, in launin motar ya fito a tsumman, launin kansa ake ci.

Wanda ya fi kowa shiga tarko shi ne mai sayen mota ta hannu. Mota ta sha sabulu mai ciko da safe, an ajiye ta ƙarƙashin rumfa, tana ɗaukar ido, dillali yana rantsuwa fentin kamfani ne. Ba sai an yi musu da shi ba. A fito da ita rana, ko a haska fitilar waya a karkace a jikin ƙofa da dare, ko a ce a wanke ɓangare ɗaya da sabulun wanke kwano, wanda ke ɗauke mai da kaki, a ga abin da zai bayyana. Akwai kuma 'yar na'urar auna kaurin fenti da ba ta fi wayar hannu girma ba: in sauran jiki na nuna 120 ƙofa ɗaya ta nuna 400, an sake fesa ƙofar, in lambar ta yi sama ƙwarai, akwai bodi-fila a ƙasa, an taɓa yin karo ke nan.

In har za a yi amfani da shi

A ɗauke shi kamar magani, ba abincin kullum ba: sau ɗaya ko biyu a shekara, ko kuma a kan tabon da ya jawo maganar kaɗai, ba motar baki ɗaya ba.

A fara kwarara ruwa har ƙura ta sauka da kanta kafin hannu ya taɓa jiki. A wanke da sabulun mota na yau da kullum, daga rufi zuwa ƙasa, da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, taya kuma da nata soson daban. Sai mota ta fita tas sannan a ɗauko mai gurzar, da tawul mai laushi irin na maikurofaiba, a inuwa, jiki a sanyaye, da sassafe ko bayan la'asar. A gwada a ƙasan bamba inda ido ba ya kai. A yi ɓangare-ɓangare, a ja hannu a miƙe ba tare da an danna da ƙarfi ba, a ɗauraye tun kafin ya bushe, a kuma tsane ruwan da tawul, domin ruwan burtsatse in ya bushe da kansa yana barin ɗigo-ɗigon fari. In an shafa sau biyu zane bai motsa ba, a ƙyale shi.

Matakin da aka fi mantawa shi ne na ƙarshe. Gurza ta tafi da duk kakin da ke kan fentin, ta bar kiliya tsirara a gaban zafin ranar Kebbi, don haka sai an sake shafa kaki a ranar. Wannan kaɗai yana cin kusan awa guda a kan ƙaramar mota, kuma yaron da ke da motoci biyar a layi ba zai yi shi a kuɗin wanki ba, sai mai motar ya biya aikin daban ko ya naɗe hannun riga ya yi da kansa ranar Asabar.